Mata Biyu, Kati Ɗaya

Shekarata biyu ke nan da barin Zariya, ina haya a unguwar Wambai a Suleja, ina zuwa aiki Abuja, a wani ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar kwamfuta. Nakan fita bayan sallar asuba in dawo ana kiran magariba. Da za a tambaye ni abin da na gani a hanya, ba zan iya faɗa ba.

Mu biyu aka ba aikin wani asibiti mai zaman kansa a wajen unguwar Hashimi, nan Suleja. Katunan marasa lafiya ne suka yi musu yawa a kwamfuta. Duk wanda ya manta katinsa sai a buɗe masa sabo, har mutum ɗaya ya tara uku. Suna so a haɗe su.

Abokin aikina dattijo ne, ɗan Suleja, bai yi jami'a ba. Daga gyaran kwamfuta ya koyi rubuta manhaja. Ni kuwa da digiri na biyu na zo. Na yi mako biyu ina tsara ƙa'ida: in suna ya zo ɗaya, da sunan uba, da ranar haihuwa, da unguwa, to mutum ɗaya ne. Na lissafa yiwuwar kuskure, ta fito 'yar ƙanƙanuwa.

Ya duba ya ce aiki ya yi kyau, amma kada a bar manhaja ta haɗe kati da kanta. Ta dai fito da waɗanda suka yi kama, ma'aikaciyar kati ta duba da idonta. Na nemi hujja. Ya ce ba shi da wadda zai rubuta.

"Injiniya, tsofaffin garin nan da yawa ɗaya ga Janairu aka rubuta musu ranar haihuwa," in ji shi. "Kuma layi ɗaya sai ka sami masu suna ɗaya."

Na ce lissafina ya kula da wannan. Alhali lissafin bai kula da shi ba. Na ɗauka ranakun haihuwa a warwatse suke cikin shekara, kamar yadda aka koya mana. Manajan kamfaninmu ya bi shawarata, don ni ne mai takarda da jadawali.

Bayan wata biyu, wata Asabar da hantsi, aka kira ni daga asibitin. Na hau acaɓa na je. Na tarar da wata tsohuwa zaune a benci, 'yarta na tsaye kusa da ita. Maganin hawan jini ta zo karɓa, kwamfuta ta nuna ta rasu tun daminar bara. Wadda ta rasu maƙwabciyarta ce, sunansu ɗaya har na uba, sai manhajata ta haɗe katunansu. Da ita aka yi zaman makokin.

"Ɗana, kai ne mai kwamfutar?"

"Ni ne, Inna."

"To, ka rubuta ina nan."

Ba faɗa ta yi ba. Na jira kunya ta kama ni, ko tsoro, ban ji komai ba. Na zauna na cire alamar rasuwa, aka ba ta magani. Ta sa mini albarka suka tafi.

Raba katunan ne ya gagara, don manhajata takan goge tsohon kati bayan ta haɗe. Ranar Litinin dattijon ya ajiye filas, 'yar ma'ajiyar bayanan kwamfuta, a teburina. Ashe ya kwafe bayanan gaba ɗaya kafin mu fara, bai gaya wa kowa ba. Ya ce haka ya saba yi.

Mako uku muka yi a ɗakin kati, mu da ma'aikaciyar, muna bi ɗaya bayan ɗaya. Ita ta san yawancin mutanen da fuska. Ta faɗa, in gyara. Dattijon bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Da azahar mukan sayi shinkafa da wake a bakin titi, mu ci, mu koma ciki.