Baba Mita da Tauraron da Ya Ƙi Dusashewa

Shekara talatin da biyu Baba Mita ya yi yana zaga bayan gidajen mutane da biro a kunne, yana karanta mitar wuta. Karnukan unguwa sun san shi, shaidar tana nan a ƙaurinsa. Ko da ya yi ritaya hali bai bar shi ba: in ya zo gidanka, sai ya gaida mitarka kafin ya gaishe ka.

Autarsa tana nazarin taurari a jami'a. Aikinta na kammalawa a kan wani tauraro ne da ya fashe can nesa. Na'ura tana auna haskensa, ita tana rubuta lambar kullum, tana jiran ta ga hasken yana raguwa. Kwana saba'in, lamba ta ƙi sauka.

Ran nan ta zube takardun a teburin falo, ido ya yi ja.

"Baba, na'urar ce ta lalace. Bana ba zan gama ba, gara in yar da su."

Baba Mita bai san komai a kan taurari ba, amma an shigo gonarsa. Ya sa tabarau, ya bi lambobin da yatsa.

"Ke Auta, matacciyar mita lamba ɗaya take ba ka, cif. Dubi na ƙarshen nan: yau uku, gobe biyar, jibi huɗu. Wannan tana numfashi. Mai gidan ne ke shan wutarsa daidai wa daida. Kar ki yar da komai."

Ta koma littattafai. Ashe akwai taurarin da in sun fashe, haskensu kan tsaya wuri ɗaya kusan kwana ɗari, sannan ya faɗi. In nata irinsu ne, jira kawai ya rage. Kullum da safe tsohon yana bakin ƙofarta: "Nawa yau?"

A kwana na ɗari da uku ta shigo da gudu, takalmi a hannu.

"Baba, ya faɗi!"

Ya fita tsakar gida da singileti yana rawa, yana gaya wa maƙwabta an yanke wa tauraro wuta. Da ya dawo yana haki, ta miƙa masa takardar.

"Kai za ka rubuta ta yau."

Ya zaro biro daga kunne. Shekara talatin da biyu yana rubuta lamba, ba wanda ya taɓa yin murna da ganinsa yana rubutawa sai yau.