Laka a Kan Istimara

Jiya 'yata tana cike istimara, wato fom ɗin neman jami'a, ta ce da ni, "Yaba, in sa likitanci a farko? Makina ya kusa kaiwa." Na buɗe baki, sai na ji maganar marigayi Baffa, yayan mahaifina, tana neman fitowa: "Irinmu ba a ɗauka."

Haka yake cewa a kan komai, yana zuƙar shayi da ƙara. Shekarar da na gama sakandare, na kai masa tawa istimarar a Aljirif, inda yake buga bulo. Hayaƙin kashin shanun da ake gasa bulon da shi ya cika wurin. Ko hannu bai wanke ba, ya danna babban yatsa a kan likitanci, laka ta rufe kalmar. "Wa ka sani a can? Zaɓi abin da za su ba ka."

Na bi maganarsa. Wani ɗan ajinmu da na fi maki ya shiga likitancin, yau likita ne a Umdurman. Ni ina ƙarƙashin motoci ina gyara a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, har yau ban huce ba.

Na ce wa 'yata, "Sa shi a farko."

Allah ya jiƙan Baffa, ya bar maganar nan tasa a kabari tare da shi.