Ƙofar da Baba Ya Mayar Allo

Har yau idan na ji ƙarar alli a kan ƙarfe, sai in tuna yarintata. Ƙofar gidanmu ta Arlit ke faɗo mini, ƙofar ƙarfe mai koren fenti, wadda Baba ya mayar allo a wani babban hutu.

Baba direban babbar mota ne a wurin haƙar uraniyom. Idan ya kwana wurin aiki, da safe motar ma'aikata ke sauke shi bakin hanya, ya shigo da warin gazwal, man manyan motoci, ƙura har cikin gira. Mu yara mun san doka, ba mai tari sai ya yi barci ya tashi. Amma a hutun nan, shekarar da ba mu je Damagaram cin damina ba, sai ga Baba da kwalin alli. Ko takalman aiki bai cire ba, ya jawo kujera gaban ƙofa, ya ɗora ƙanena, autanmu, a cinya. Yaron ko lakwal, makarantar boko, bai shiga ba. Baba ya rufe ɗan hannunsa da nasa ƙaton hannun, suna jan baƙi tare, suna sauri kafin rana ta gasa ƙarfen ya gagari taɓawa.

"Wannan A ce," in ji Baba. "Ka gan ta, ƙafa biyu da ɗamara."

Ni ina gefe ina wanke-wanke, aji huɗu nake. Wallahi kishi kamar ya kashe ni. Ni wa ya taɓa kama mini hannu? A wurin mushe, malaminmu na lakwal, na koyi nawa, bulalar tiyo na lilo a kaina. Ranar da na fara rubuta sunana na kawo gida a guje, madalla kawai na samu.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na hau turmi na cika saman ƙofar da rubutu mai kyau, Baba ya ce, "Ke ai kin iya, bar wa ƙanenki wuri." Na koma ina karkata baƙi da gangan, ina cewa na manta, ko zai kama hannuna ya gyara mini. Ya ce idan an koma in tambayi mushe. Inna ta gane ni sarai. Tana tankaɗe tana dariya, wai ko kunya ba na ji, ina kishi da ɗan da na goya. Haka hutun ya ƙare, maƙwabta na shigowa kallon auta yana karanta rubutun gwangwanin madara, ni ana aikena sayen gawayi.

Hutun bara na kai 'yata Arlit. Garin ya yi sanyi, motocin ma'aikata sun ragu, samari da yawa sun tafi Tchibarakaten neman zinariya, har da autan namu. Baba ya bar aiki tuntuni, ido ya fara rauni. Kwana biyu da zuwanmu ya karɓe wayata daga hannun yarinyar, ya aika aka sayo alli, ya ɗora ta a cinya. Ina tsaye da tire a hannu, kishin nan ya taso mini sabo fil, ni da furfura ta fara leƙowa.

Na ce, "Baba, ni dai ban ci wannan gata ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da me zan koya miki, uwata? Lokacin da kika shiga lakwal ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Allonki nake ɗauka idan kin fita wasa, in kwafa a kwalin shayi, in kai wa wani abokin aiki ya faɗa mini sunansu. Abin da na tsinta a wurinki, shi na ba ƙanenki."

Inna ta dube ni, tana jiran ta ga na huce. Na gane, na kuma yi masa uzuri, amma kishi bai san uzuri ba. Na ajiye tiren, na ɗaga 'yata daga cinyarsa tana ƙunƙuni, na durƙusa gaban ƙofar.

Na ce, "To, yanzu ai ka iya." Na miƙa masa hannuna.