Golan da Ke Ɗumama Benci

Duk Juma'a bayan la'asar ina ganinsa a ƙarshen benci, a filin ƙwallonmu na garin Damanhur. Golanmu na biyu ne, dogo, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, rigarsa kuwa fes, ba ta taɓa sanin ƙasa ba. Safar hannunsa ta hagu ya mayar jaka, ya cika ta da soyayyun 'ya'yan kankana, yana ɓarewa da haƙori yana tofar da ɓawon.

"Kyaftin, bencin ya yi ɗumi kuwa?" wani ɗan kallo ya ƙwala masa.

"Sauko ka taɓa, ɗan'uwa! Shekara tara nake aikinsa."

Yau sai ga golan farko ya faɗi, riƙe da gwiwa. Koci ya waiwayo. Mutumina ya miƙe zumbur, ya zazzage safar, ya zura hannu, leɓensa na motsi. Ko roƙo yake golan ya tashi, ko kada ya tashi, ina jin shi kansa bai sani ba.

Golan ya tashi, ya karkaɗe wando.

Mutumina ya durƙusa yana tsince 'ya'yan kankanarsa ɗaya-ɗaya, ya zuba a aljihu. Safar kuwa bai cire ba har aka tashi wasa.