Mai Usur da Matakalar Tela

Shekara ashirin da bakwai Mai Usur ya yi yana koyar da motsa jiki a sakandare. Ranar da ya yi ritaya ya mayar da ƙwallaye da raga, amma usur ɗin nan ya ce ko da wasa. Har yau yana rataye a wuyansa, yana lilo a kan wani tumbi da ya yi gaba tun da aka bar fili.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Wata biyu yana bin matarsa daga falo zuwa kicin yana koya mata yankan albasa, har 'yarsu ta ce a nema wa Baba abin yi tun kafin Mama ta tattara kayanta. Ta share gareji, ta jera kujeru biyu da allo, ta liƙa takarda a ƙofa: Mai Ba da Shawara kan Rayuwa.

A faɗi gaskiya, mutumin ya iya. Ya sa wani mai gyaran waya ya koma ya zauna jarrabawar da ya yi shekara shida yana gudu. Ya koya wa wata mai kitso cewa a'a ga dangin da suka mayar da ita 'yar aike. Mutum zai shigo kai a ƙasa, ya fita yana taku ɗai-ɗai, shi kuwa Mai Usur ya bi shi da busa yana murna kamar ƙungiyarsa ta ci kofi. Sai dai maganinsa guda ne, gumi. A saman allon ya rubuta da manyan baƙaƙe: JIKI MAƘARYACI NE, KADA KA SAURARE SHI.

Wata Alhamis Tela ya zo. Tsohon ɗalibinsa ne, yanzu magidanci mai 'ya'ya huɗu, amma har yau in ya ga Malam sai ya gyara tsayuwa. Ya ce ya rasa kan kansa, ɗinki ya taru, shi kuma gajiya ta hana shi sakat.

"Lalaci ne!" in ji Mai Usur, tun bai kai aya ba. "Zaman keke ya cinye ka. Benen nan mai hawa huɗu da shagonka yake ƙasansa, ran Asabar ƙarfe takwas ka hau shi sau goma. Ka kashe waya. In jiki ya ce tsaya, ka ce masa ƙarya yake."

Safiyar Asabar yana shan shayi, baki har kunne, yana ba matarsa labari. Ita shekara talatin ta yi tana aikin nas, shi ya sa har shi Sista yake ce mata.

"Sista, ki ji ragwanci. Wai takalminsa ya daina shiga don ƙafa ta kumbura. Wai sai ya tara filo uku yake iya barci, in ya kwanta sosai numfashi ya ƙi."

Sista ta ajiye kofi. "Malam, me ka ce masa?"

Ya faɗa mata, yana jiran yabo.

"Innalillahi! Wannan zuciyarsa ce za a duba, kai kuma ka tura shi bene? Ƙarfe nawa?"

Takwas da minti biyar. Ya kira wayar Tela, a kashe, kamar yadda shi da bakinsa ya umarta. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Sista na neman makullin mota, shi tuni ya yi waje da silifas.

Jama'a, ranar an ga gudu! Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana sa 'ya'yan mutane zagaye fili daga inuwa, yau ga shi a titi, tumbi na gaba yana biye. Ya tsallake kwata, ya bangaje teburin mai jarida, silifas ɗaya ya tsinke ya bar shi nan. Mai gyaran waya ya leƙo daga shago yana tafi: "Haka ne, Malam! Jiki maƙaryaci ne!"

A gindin matakalar ya cusa usur a baki ya busa da iya ƙarfinsa, busa uku, alamar tashi daga wasa. Tsohon ɗalibi bai manta ba. Can sama takun ƙafa ya tsaya.

A hawa na biyu ya same shi, ya rungume ƙarfen matakala, gumi sharkaf, leɓɓa sun sauya launi. Duk da haka yana ganin Malam sai ya yi yunƙurin miƙewa.

"Sau uku na yi, Malam. Ƙirjina yana ta cewa in tsaya, ban kula shi ba."

"Zauna! Don Allah zauna!"

Sista ta iso da mota. Sati biyu Tela ya yi a gadon asibiti, likita ta ce da ya cika goman nan da labari ya sha bamban. Kullum Mai Usur na can, yana riƙe da ledar lemo, ya kasa haɗa ido da matar Tela. A rana ta uku ya daure ya faɗa mata cewa shi ne ya tura mijinta. Ta dube shi ta ce, "Na sani, Baba. Wata biyu ina roƙonsa ya je asibiti, ya ce bari ya fara jin ta bakin Malam."

Maganar nan ta fi gudun gajiyar da shi. Ashe Tela ya zo da komai a bakinsa, ƙafa da filo da numfashi, shi ne ya ji amma bai tsaya ya kula ba.

Bai rufe garejin ba. Yana nan yana busa wa mutane usur, suna fita suna taku ɗai-ɗai. Amma yanzu sai mutum ya gama magana tas kafin ya buɗe baki, kuma ya koyi wata jimla da da can ba ta fita daga bakinsa: "Wannan ya fi ƙarfina, ga inda za ka je."

Ranar da aka sallami Tela ya biyo ta garejin don yin godiya, yana tafiya a hankali. Ya tarar da Malam a kan kujera da jiƙaƙƙen tsumma, yana goge rubutun saman allo.

"Haba Malam, ai da shi muka taso."

Mai Usur bai juyo ba, don idonsa ya cika. "Naka jikin gaskiya ya faɗa maka, ɗana. Ni ne na ce kada ka saurare shi."