Telan da ba ya haɗa ulu da lilin

Shekarata ta farko a Jidda, sai in yi kwana da kwanaki ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Aikin ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a ne ya kawo ni, iyalina kuwa suna Zariya, takardunsu sun ƙi fitowa. Asabar ta fi ci mini rai. Babu aiki, babu cunkoson Juma'a da zan shige ciki, daga ni sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki.

Wata Asabar na sayi yadin ulu a kasuwar Bab Makka, da yadin lilin da za a yi masa shafi. Aka kwatanta mini wani tsohon tela a cikin lungu, Bahaushen Sudan. Ya murza yadin da yatsu, ya ture lilin ɗin gefe.

"Ulun zan ɗinka maka, amma ba da wannan shafin ba. Ba na haɗa ulu da lilin a riga ɗaya."

Ni kuma ba a san ni da haƙuri ba. Na ce, "Baba, yadin nawa ne, jikin ma nawa ne."

"Shi ke nan, ɗana, kai wa wani."

Da a gida ne da tuni na kwashi kayana. Amma da Hausa tsohon nan ya gwasale ni, kuma na daɗe rabona da mai gwasale ni da Hausa. Sai na jawo benci na zauna, ya aika aka kawo shayi.

A Khartum ya koyi ɗinki, a shagon wani Bayahude. Ni da na ɗauka na san duniya, ban taɓa jin Yahudawa sun zauna a can ba. Ya ce sun zauna kuwa. Daga Masar wasu suka zo, wasu daga Iraƙi da Sham, yawancinsu 'yan kasuwar yadi. Suna da wurin ibadarsu da maƙabartarsu da inda suke taruwa da yamma. Ran Asabar shagunansu a rufe. Ɗan maigidansa jami'ar garin ya yi, kuma shi Baba ya ɗinka masa kwat ɗin da ya fara shiga aji da ita. Maganar ulu da lilin dokar addininsu ce, bai taɓa tambayar dalili ba.

"Na yi Hajji tun ba a haife ka ba," in ji shi. "Amma abin da hannu ya saba, ya saba."

Daga baya zaman ya ƙi musu daɗi, suka fara tafiya gida-gida. Ranar da maigidansa zai tashi, ya riƙe masa hannu ya ce ba za su manta da shi ba. Baba ya riƙe maganar nan gam.

'Ya'yansa a unguwar Nuzla aka haife su, nan Jidda. Ya yi musu Hausa su amsa da Larabci, in ya ɗauko zancen Yahudawan Khartum su ce ya rage murya. Sai na zama kunnensa. Kowace Asabar ina kan bencin nan, yana taka keke yana zuba, ina tsokanarsa cewa maigidan nasa rowar zare ya koya masa. Tun ran Alhamis nake ɗokin zuwa.

Rannan ya ce, "Ku mutanen jami'a ba abin da ba ku tonowa. Duba mini ko sun rubuta tarihinsu. Ina so in ji abin da suka ce a kanmu, mu da muka yi musu aiki."

Na duba, na kuwa samu. Jikokinsu da ke warwatse a duniya sun tara labarai da hotuna a intanet. Na karanta tun daga farko har ƙarshe kafin in je, don haka na san abin da ke ciki da abin da babu. A hanya na yi ta saƙa yadda zan ƙara layi ɗaya daga bakina, wa zai sani.

Ya tsayar da keke, ya gyara tabarau. Ina fassara masa yana gyaɗa kai. A hotunan ya gane titin shagon, ya gane ƙofar wurin ibadar, har ya yi dariya da aka zo kan wani abincinsu da ya ce bai taɓa iya haɗiyewa ba. Da na kai ƙarshe ya ɗan jira.

"Saura wurin teloli."

Na buɗe baki zan yi ƙaryar, sai na ga yadda ya kafe ni da ido, na kasa.

"Babu, Baba. Inda na gani ba su ambace ku ba."

"Ko da kalma ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya ce Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da ƙafa kan keke.

Na ci gaba da zuwa har kwantiragina ya ƙare. Yana karɓata da fara'a, yana aikawa a kawo shayi, mu taɓa zancen zafi da tsadar haya. Sau da yawa nakan jefa masa tambaya a kan Khartum ko zai ɗauka. Sai ya ce, "Ya wuce, ɗana, sha shayinka." Bai ƙara ba ni labarinsu ba, ni kuma ban san wani da ya taɓa jin sauran ba.