Akuyar da Ta Ƙi Turke

A zamanin Turawa, ina yaro a ƙauyenmu kusa da Shagari, kakata Inna Kulu ta zame a bakin rijiya, ta karye a ƙafa. Mai ɗori ya yi aikinsa, amma ƙafar ta sage. Malamin asibiti ya ce a kai ta Sakkwato, ma'aikata su riƙa sa ta motsa ƙafar. Babana ya yanke magana: in aka cire albasa ba ta taka ba, jaki zai ɗauke ta.

"Ba ni zuwa," in ji Inna. "Wani ƙato ya tsaya bisa kaina, ɗaga, aje? Ƙahwata ce ko tashi?"

Tun daga ranar, in mun zagaye wuta bayan isha, tatsuniyarta ɗaya ce tal. "Ga ta nan tana ɗingishi," haka take farawa, mu ce ta iso mu gani. Wai tsofaffin awaki biyu ne. Ɗaya ta yarda aka ɗaure ta a inuwa ana kawo mata harawa. Ɗayar ta tsinke igiya, kullum sai ta hau suri. Ran da kura ta shigo, ta inuwa ta yunƙura, gwiwa ta ƙi.

Duk sanda akuya za ta hau suri, sai Inna ta dafa taɓarya ta miƙe, tana nishi, gumi sharkaf. Mu kuwa ihu muke: "Ƙara, Inna!" In ta yi ha'inci na kama ta, sai ta harare ni: "Kai mijin banza, ko tausayi babu!" Wallahi akuyar nan ta sha hawa.

Aka cire albasa. Baba ya ɗaura wa jaki akumari a ƙofar gida. Sai ga Inna ta fito ba taɓarya, tana tangaɗi, ta karɓe igiyar daga hannunsa.

"Kauce. Fadama za mu, ni da shi."

Na daɗe ina cewa ita kaɗai ta tashi kanta. Sai yanzu da gwiwoyina suka fara ƙara na gane ma'aikatan asibitinta mu ne, ta ɗauke mu aiki ba mu sani ba. 'Ya'yana suna ta maganar kai ni birni. Jiya na aika a tattaro mini jikoki, na ce a biyo da taɓarya.